Wai mu bara muke koya wa mutane?

Ɗan Ohio: Salam jama'a. Ni dai yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a cire ni daga grup ɗin nan. A jihar da nake akwai gidauniyar mutanen birnin Cleveland, duk shekara sai sun fitar da rahoto kowa ya gani, ga abin da ya shigo, ga waɗanda aka ba, ga aikin da aka ba su don shi. Tun 1914 aka kafa ta, wani lauya shugaban banki mai suna Frederick Goff ya kawo shawarar, ita ce irinta ta farko a duniya. Dukiyarta yanzu ta kai wajen dala biliyan 3, abin da take bayarwa a shekara ya haura dala miliyan 100, kuma wlh ba kuɗin mutum ɗaya ba ne, na mutanen gari ne, wani ya bar wasiyya wani ya buɗe ɗan asusu da sunan mahaifiyarsa, a haɗa a juya, uwar kuɗin tana nan sai abin da ta haifa ake rabawa. Galibi ma ba a hannu suke miƙa wa mutane ba, ƙungiyoyi da makarantu ne ke rubuto takarda kwamiti ya zauna ya duba. Mu kuwa ƙungiyar ci gaban garinmu shekara da shekaru muna turo kuɗi, rahoton shekara da aka turo jiya hotuna ne zalla na mata a layi cikin rana kowacce da ledar shinkafa. Wannan ba ci gaba ba ne, bara muke koya wa mutane

Ɗan Kwari: Bara?? Su wa kake kira mabarata, iyayenmu mata?

Ɗan Ohio: Yaya ban ce su mabarata ba ne, cewa na yi mu ne muke koya musu

Ɗan Kwari: Ai duk ɗaya ne, wanda aka koya wa bara ya sunansa in ba mabaraci ba. Gwaggona tana cikin layin nan kuma wallahi tunda mijinta ya rasu ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba, ƙuli take yi da hannunta. Ka janye kalmar nan kawai

Maman Ihsan: Gsky kalmar ta yi nauyi ƙanena

Alaramma: Bara ita ce mutum ya fita ya roƙa. Waɗannan bayin Allah gida aka bi su aka ba su kati aka ce su zo. Wanda aka kira aka ba shi haƙƙinsa na zakka bai yi bara ba, haƙƙinsa ne Allah ya ajiye masa a cikin dukiyar mai dukiya.

Injiniya: Allah gafarta malam ba zakka ba ce fa, kuɗin wata ne da muke biya da gudummawar 'yan waje. Kuma a tsarin mulkin ƙungiya cewa aka yi ilimi da ruwa da lafiya, ni ban ga shinkafa a ciki ba

Ɗan Kwari: To yunwa ba lafiya ba ce?

Injiniya: hhhh

Ɗan Kwari: Ka yi ta dariya, kai albashi kake ɗauka

Anti Malama: Ku tsaya mana. Yaron nan magana biyu ya yi, kun kama guda kun bar guda. Ni abin da na ji shi ne rahoto. Nawa aka tara bana, nawa aka kashe, buhu nawa aka saya kuma a hannun wa, mutum nawa suka samu. Wannan ai ba sai mun je Amurka ba, ko adashin mata na unguwa akwai littafi.

Kawu Ma'aji: Malama ki fito fili ki ce ni ɓarawo ne mana, ba sai kin zagaya ba

Anti Malama: Subhanallah Kawu ni ina na ce haka

Kawu Ma'aji: Duk wanda ya ce ina rasit me yake nufi. Motata na sa aka ɗauko kayan nan, man da na zuba ban karɓa ba, 'yan dako ni na sallame su daga aljihuna, ranar rabon ko ɗaya daga cikin masu surutun nan ban gani ba. Yau kuma an wayi gari ni ne mai koya wa mutane bara. Allah ya isa ban ce ba amma na ji ciwo

Baffa Alhaji: A yi haƙuri Ma'aji. Kai kuma yaro ka ba kawunka haƙuri

Ɗan Ohio: Baffa ranka ya daɗe ni ban ambaci Kawu ba, tsari nake magana a kai. Kawu ka yi haƙuri

Alaramma: Tsarin da kake yabo ɗin ma namu ne. Sayyidina Umar da ya samu gona a Khaibar ya je ya nemi shawarar Annabi SAW, aka ce masa in ya so ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, ba a sayarwa ba a kyauta da ita ba a gadonta, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Wannan shi ne waƙafi, shi ne hubusi. Baturenka na 1914 ya makara da sama da shekara dubu.

Ɗan Ohio: Yauwa malam!! Abin da nake faɗa kenan, to ina namu? Shago ɗaya ma ƙungiya ba ta da shi da za a ce hayarsa na biyan kuɗin jarrabawar marayu. Duk shekara mu tara mu cinye mu koma sifili

Alaramma: Ni ba goyon bayanka na yi ba. Kalmar bara har yanzu ba ka janye ba, kuma ku 'yan boko da kun ce bara almajirai kuke nufi, mun san karatun

Ɗan Ohio: Wa ya kawo maganar almajirai kuma don Allah

Injiniya: Hukumomi ma akwai su fa. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003 zamanin Malam Shekarau, Sakkwato ma tana da ta zakka da waƙafi. Amma ka tsayar da mutum a titi ka ce masa menene hubusi ka ji amsa. Mai kuɗinmu ya fi son ya raba a ƙofar gida a gan shi

Ɗan Kwari: Ƙarya ne wannan. Gidauniyar Ɗangote tun 1994 take, a 2014 ya zuba mata dala biliyan 1.25, shi ya gina makarantar koyon kasuwanci a BUK, shi da Bill Gates suka sa kuɗi a yaƙin shan inna har aka ce an rabu da ita a 2020. Kuma shi ɗin ma a azumin 2024 shinkafa ya raba, buhu miliyan ɗaya mai kilo 10 a ƙananan hukumomi 774. To shi ma bara yake koyarwa? Ka fi shi sanin kuɗi ne?

Sarkin Yaƙin BUA: Kilo 10 kwana nawa zai yi a gidan mai 'ya'ya takwas. Ku je ku ga ASR Africa, gidauniyar da Abdussamad mai kamfanin BUA ya kafa a 2021 da alƙawarin dala miliyan 100 duk shekara, ABU Zariya naira biliyan 1 ya ba ta. Wannan shi ne aiki

Ɗan Kwari: Kai dama ko tari aka yi sai ka ce BUA, siminti suke ba ka ne

Sarkin Yaƙin BUA: Kai kuma suga

Ɗan Ohio: Jama'a duk waɗannan na mutum ɗaya ne, shi ya tara shi ya ga dama, Allah ya saka musu. Har ta TY Ɗanjuma da ke ba ƙungiyoyi tallafi su yi aiki ita ma tasa ce shi kaɗai. Ni ta gari nake faɗa, wadda tela da direba da malamin firamare za su sa nasu kuma ba wanda zai ce tasa ce. Shi Goff abin da ya dame shi shi ne mutum ya mutu ya bar wasiyya a yi abu kaza da dukiyarsa, zamani ya wuce buƙatar ta gushe, kuɗin na kwance a banki an ɗaure su da maganar mamaci. Shi ya sa ya ce banki ya riƙe kuɗin ya juya, amma rabon wani kwamiti ne daban na mutanen gari masu rai, har ma magajin gari da alƙalai ne ke naɗa wasu daga cikinsu don kar banki ya yi kaka-gida. Irin waɗannan gidauniyoyin abin da suke kashewa a shekara bai wuce kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na dukiyar ba shi ya sa ba sa ƙarewa

Injiniya: Wato mu ba ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ya naɗa mana kwamiti? Innalillahi, ai sai dai mu ji labarin kuɗin

Maman Ihsan: 😂😂

Ɗan Kwari: Kuma a juya a banki da ruwa ko? Ka ga inda aka dosa

Ɗan Ohio: Akwai bankunan Musulunci irin su Jaiz da Taj, akwai sukuk wato takardun zuba jari marasa ruwa, ko a sayi shago a ba da haya, Yaya kai ma ka san wannan

Ɗan Kwari: Abin da na sani mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kana can cikin ƙanƙara kana karanta rahoton Turawa, mu muke ganin wanda ya kwana bai ci ba. Ka ce wa mai jin yunwa ya jira riba ta fito baɗi mana

Jar Hula: Ni dai in ana maganar gina mutum a daina zagaye-zagaye, Madugu ya riga ya nuna hanya. 2019 ba ya kan mulki amma gidauniyar Kwankwasiyya ta kwashi ɗalibai ta kai Indiya karatun digiri na biyu. Ilimi ne maganin bara ba leda ba

Ɗan Baba: An fara. Wa ya hana bara a titunan Kano a 2020 in ba Baba Ganduje ba

Jar Hula: Ta hanu?

Ɗan Baba: Ku da kuka karɓa kun hana ta?

Sakatare (admin): Ba siyasa a grup ɗin nan, doka ta 3. Na goge sitikokin da kuka turo

Jar Hula: Nawa kawai ka goge nasa yana nan

Anti Malama: Har yanzu dai ba wanda ya faɗi nawa aka tara

Hajiya Babba: Ni ban iya dogon rubutu ba. Abu ɗaya ne ya dame ni, hoton. Ku ba su abinku amma ku daina ɗaukar fuskarsu kuna watsawa, akwai wadda surukanta suka gani a Facebook ta kwana tana kuka. In hannun dama ya bayar ai ba a so na hagu ya sani

Kawu Ma'aji: Hajiya in ba mu ɗauki hoto ba su 'yan wajen ne za su ce mun cinye. Mun ɗauka kuma an ce bara. Ya ake so mu yi

Anti Malama: Rasit Kawu, rasit ake ɗauka hoto ba mutane ba

Kawu Ma'aji: Kin ga ta sake

Alaramma: Ni har yanzu ina jiran a janye kalma

Ɗan Ohio: Na janye bara. A sa duk kalmar da ake so. Amma maganar shago fa, ko mutum ashirin ne mu fara, ni zan sa nawa

Ɗan Kwari: Da ka janye tun farko ai da ba a kai nan ba. Kuma janyewar ma da gatse ka yi ta

Sakatare (admin): To jama'a bari in taƙaita saboda waɗanda ba su bi daga farko ba. Ɗan'uwanmu na Amurka ya yi kuskuren kiran iyayenmu mabarata, malamai da dattawa sun yi masa gyara kuma alhamdulillah ya janye ya ba Kawu haƙuri. An tabbatar da hujja daga hadisi cewa tsarin da ya gani a wurin Turawa namu ne tun asali don haka ba abin da za su koya mana. An kuma nuna cewa manyan masu kuɗin ƙasar nan ma shinkafa suke rabawa, kenan ƙungiya tana kan daidai. Akasarin mambobi sun yaba da ƙoƙarin Kawu Ma'aji da kwamitin rabo wanda ni ma ina ciki kuma na ga wahalar da aka sha. Maganar hoto za a duba. Maganar lissafi duk mai son gani ya samu Ma'aji a gida ba a grup ba. Batun shago ba ya cikin ajandar bana. Na rufe grup, admin kaɗai ke iya turo saƙo sai bayan isha'i, kuma waɗanda ba su biya kuɗin wata ba zan fitar da sunayensu gobe in sha Allah.