"Agogo sarkin aiki, amma sai da wani": yabo ne ko gori?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Jiya kawuna ya yi cacar baki da yaron shagonsa, wanda ya bugi ƙirji ya ce shi agogo ne sarkin aiki. Kawu ya ce masa, "Ƙwarai kuwa, amma sai da wani." Yaron ya yi fushi ya tafi, ni kuwa har yanzu ban rabe ba ko yabo ne ko gori.

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumus salam. Gori ne tsantsa, domin agogon hannu na da, in ba a yi masa wani kowace safiya ba, wato in ba a murɗa shi ba, tsayawa yake yi cak. Kawunka na nufin yaron ba ya taɓuka komai sai an tsaya a kansa.

Maman Hanifa: Malam, a yi mini afuwa, ni tunatarwa na ji a ciki. Kakata tana da garmaho mai hoton kare, wanda kakanmu ya sayo a Kumasi lokacin da yake fataucin goro, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mariƙinsa sai ita. Wani ɗaya bai fi ya ƙare fuska ɗaya ta faifai ba, wajen minti 3, daga nan muryar mawaƙin ta fara ja kamar mai gyangyaɗi. Ranar da ta tafi biki, yayana ya yi ta murɗawa don waƙar ta daɗe, har ƙarfen ciki ya tsinke da wata irin ƙara. Da ta dawo ba ta doke shi ba, sai ta ce, "Ɗan nan, wanin ma yana da iyaka." Watakila kawun ne ya cika murɗa yaron.

Baban Sadik: Hajiya, ai mu a mazaɓarmu muna da irin wannan agogon. Sau ɗaya ake yi masa wani a shekara 4, ya yi ta kaɗawa har a rufe akwatin zaɓe, sannan ya yi tsit.

Malam Na-Zazzau: Naku ma yana kaɗawa. Namu mai batir ne, irin na "quartz" wanda kamfanin Seiko ya fara fitarwa a 1969, kuma batirin yana aljihun ubangidansa.

Ɗan Fagge: Ikon Allah, ni dai ban samu amsa ba. Amma Hajiya, an gyara garmahon kuwa?

Maman Hanifa: Ba a gyara ba. A cikinsa ta riƙa ɓoye goronta har Allah ya yi mata rasuwa.