Neman kalma: zanen da ke nuna saƙonni tsakanin kwamfutoci

Ɗan Birni: Salamu alaikum malamaina. Ran Alhamis zan yi wa ɗalibai bayani da Hausa kan manhajar da aka raba aikinta tsakanin kwamfutoci da yawa. Na maƙale a zanen da masanin kwamfuta Leslie Lamport ya yi amfani da shi a 1978: kowace na'ura da layinta a tsaye, lokaci yana hawa sama, saƙon da ta aika wa 'yar'uwarta kuma kibiya ce. Da shi ake gane abin da ya riga wani faruwa, tunda agogunansu ba sa zuwa daidai. Me zan kira shi?

Malama ta Zengu: Taswirar lokaci.

Mai Lissafi: Taswira ta wuri ce, Malama. Ni na ce "saƙa". Zare a tsaye, zare a gicciye, ga saƙo ga saƙa, har kunne ya ji daɗi.

Ɗan Birni: Akwai kuma inda aiki biyu kowanne ya riƙe abin da ɗayan ke jira, duka su tsaya.

Malama ta Zengu: Cirko-cirko ke nan. In kuma biyu suka kai hannu wuri guda, sakamakon ya dogara ga wanda ya riga, rige-rige. Ka ba su misalin 'yan ga-ruwa a bakin famfo ɗaya, ɗan Damagaram ba sai an ƙara masa bayani ba.

Baba Alhaji: Wane ne ya ce mu riƙa cewa manhaja? Kalmar gidajen rediyon waje ce da mutanen Kano. Mu nan lojisiyel muke cewa.

Mai Lissafi: Ranka ya daɗe, lojisiyel ɗin ai Faransanci ne.

Baba Alhaji: Manhaja kuma Larabci. Kullum sai an aro mana daga kudu, kamar Damagaram ba ta da bakinta.

Mai Lissafi: Shi ya sa na kawo saƙa, Baba. Ba ta kowa ba ce, tamu ce.

Malama ta Zengu: A saƙa kowane zaren gicciye sai ya ratsa duka na tsaye. A zanen nan na'ura na iya aika wa ɗaya tak. Za ka ruɗa yara.

Ɗan Birni: Na ɗauki cirko-cirko da rige-rige, na gode. Zanen zan ce "zanen saƙonni" tukuna.

Mai Lissafi: To. Amma ka ambaci saƙa ko sau ɗaya, ka ga wadda za su riƙe.