Wa Ya Kashe Madugu? Musayar Waƙa ta Fadar Bukoki

Mai Jan Labari:
Ƴan fada, daren Asabar wuta ta ɗauke muna tsakar wasa, wani kuma ya jefa mini ɗan lido cikin butar shayi, ya san kansa. Ga sabbin shiga: wasanmu Dungeons & Dragons ne, wanda ya fito a Amurka a 1974. Kowa da jaruminsa, ni ke jan labari, ɗan lido mai fuska 20 ke raba gardama. Kafin mu sake zama, a ci gaba da baiti.

Ayarin gishiri ya baro Bilma,
Kwana da kwanaki bisa rairayi.
Suka sauka zangon Birnin Aljanu,
Madugu ya ce a haɗa mai shayi.
Da asuba aka iske shi miƙe,
Ba jini, ba sara, ya yi sanyi.
Kofi biyu, ɗaya da shuni a baki,
Na madugu kuwa ɗaci ya yi.
Ga boka, ga jagaba, ga ƙanensa,
Ku duba ku faɗa mini wa ya yi.

Ɗan Adar:
Yaya, wane dogon bincike kuma?
Boka ne, kowa ya san halinsa.
Mayaƙina ya zare takobi,
Ya ɗora kaifin bisa wuyansa.
Na jefa ɗan lido, uku ta fito,
A zazzage mini burgaminsa!

Mai Jan Labari:
Uku, ƙanena? To sai haƙuri,
Boka na dariya har da tari.
Burgamin ba kome sai sabara,
Da ƙullin kanwa da busasshen fari.

Ƴar Harobanda:
Ɗan Adar, mai da wuƙarka kube,
Ba a kama kisa da tsawa.
Mai sihirina ta kunna turare,
Ta durƙusa nan a gaban gawa.
Tambaya biyar doka ta ba ni:
Madugu, sannu, kana jina kuwa?
Wa ya ba ka kofin? Me ya ce ma?
Da wane hannu? Kun yi rigima da wa?

Mai Jan Labari:
Ƙanwata, ladabi ya ci miki ɗaya, "kana jina" ma tambaya ce. Ki tuna kuma, gawa ba ta faɗin abin da ba ta sani ba tana raye, kuma sihirin ba ya sake kama ta sai bayan kwana 10.

"Ina jinki. Mai rawani ya ba ni,
Ya ja amawali, fuska a rufe.
Bai ce uffan ba. Hagu ya miƙo,
Na karɓa don dare ya yi, na ƙyale.
Rigima? Kan kantu ɗari na gado."
Nan baki ya koma ya kulle.

Ɗan Adar:
Rawani? Ashe jagaba ne! Na janye,
Boka ya yafe, zafin kai ne.

Tsohon Katako:
Yaro, zauna, ka cika gaggawa,
Jiya boka, yau kuma jagaba.
Shekara talatin yana jan ayari,
Bai miƙa wa babba da hagu ba.
Rawani ai ana sata da dare,
Shuni kuwa ba ya ɓoye zamba:
Wanda bai saba naɗa shi ba,
Zai kwan da baƙi har bisa haɓa.
Ƙanen nan mai kuka ba hawaye,
Damansa a ɗaure, ba ku lura ba?
Wai raƙumi ne ya cije shi,
Ku ce ya matso fitila mu duba.

Mai Jan Labari:
Baba, ka sa ni rufe littafi,
Ƙanen ya ja riga ya rufe wuya.
Yana satar kallon ƙofar zango,
Taguwarsa a ɗaure da sirdi tun jiya.
Sauran sai Asabar bayan isha'i,
Mai jiƙa mini ɗan lido, sukari za ka saya.