Don Allah ya ake gane kwanonin cikin injin wanke-wanke an wanke su ko ba a wanke ba?

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara, abin zai yi kama da ƙarami amma wallahi jiya ban yi barcin kirki ba. Ina nan Birnin Kebbi wajen Gesse. Bara bayan babbar sallah maigidana ya sawo min injin wanke-wanke, na hannu ne ba sabo ba, wani abokin aikinshi da anka yi ma canjin wurin aiki ya saida kayan gidanshi duka shi ne ya haɗo firij da injin. Dalili kuwa tun haihuwar Haidar in na daɗe da hannu cikin ruwan omo sai yatsuna su tsattsage har jini, na shafa mai iri-iri, likita ya ce in rage taɓa sabulu. Sai da injin ya yi wata 2 lulluɓe da zani a sito kafin a samu mai haɗa famfo, lokacin ma surutu nawa na sha wurin dangi, wai na zama baturiya, na shanye ban ce ma kowa komai ba. To yanzu Hajiya mahaifiyar maigida tana wurinmu tunda anka yi mata aikin ido, daga Argungu anka kawo ta. Shekaranjiya ƙawayenta su 4 sunka zo duba ta, na dama fura na ce ma yarinyar da ke taya ni aiki ta ɗauko kofuna cikin inji. Ashe ba a kunna shi ba, ko an kunna bai gama ba, har yanzu ban sani ba. Ɗaya cikin baƙin ta kai kofi baki sai ta aje ta ce ƙarnin kifi take ji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya ba ta ce min uffan ba gabansu amma da dare ta ce ma ɗanta daga yau kwanonta da kofinta a riƙa wankewa da hannu tana gani. Kuma ba wannan ne na farko ba, sau biyu ana sake wanke wankakku, sau ɗaya an jera masu datti a kabad. Ya kuke yi ku masu injin?

Ummu Nana: Wa alaikumus salam, sannu Maman Haidar. Ni hannu nake sawa, in ya gama kwanonin da ɗumi suke fitowa, kuma ki duba gindin kofunan da aka kife za ki ga ɗan ruwa ya kwanta a kai. In babu ruwan to ba a wanke ba.

Maman Sultan: Ummu Nana wannan ba hanya ba ce, ɗumin nan awa nawa yake yi? In an kunna da dare da safe ya huce, ruwan gindin kofi kuma da hunturun nan kafin ki waiga ya bushe in ƙofar a buɗe take. Ƙanwata ki saurare ni da kyau, shekarata 6 da inji kuma ba a taɓa yi min irin wannan ba. Doka ɗaya ce. Duk lokacin da aka kwashe wankakkun kaya, nan take kafin a sa ko cokali ɗaya a saka ƙwayar sabulu a gidanta da ke jikin ƙofa a rufe murfin. Injin da kanshi yake buɗe murfin nan a tsakiyar wanki. Kin ga ke nan duk wanda ya buɗe ƙofa ya ga murfi a rufe ya san kayan masu datti ne, in ya gan shi a buɗe babu sabulu to an wanke. Ko yaro ɗan shekara 7 zai gane. Ki koya ma yarinyar yau ɗin nan magana ta ƙare.

Maman Haidar: Na gode Anti. Amma ni ba na iya barin sabulu a ciki, Haidar shekararshi 2 kuma ya iya jawo ƙofar, sabulun nan ance yana ƙona baki in yaro ya ci. Saman kabad nake aje shi sai zan kunna nake saukowa da shi.

Maman Sultan: To ki rufe murfin babu sabulun mana, ai murfin ne alamar. Kuma mi ya kai yaro kicin? Ki sa sakata.

Diyar Zamfara: Anti ki yi haƙuri amma dabarar murfin nan ta taɓa yaudarata a nan Gusau. Murfin tun farko-farkon wanki yake buɗewa, in anka ɗauke wuta bayan nan to murfi a buɗe, sabulu ya narke, amma ba a yi ɗauraya ba, kaya na nan da ruwan sabulu da maiƙo. Wasu injinan in wuta ta dawo suna ci gaba daga inda sunka tsaya, amma in wuta ba ta dawo ba sai gobe fa? Ni abin da nike dubawa ƙasan injin, in na jawo kwandon ƙasa na ga ruwa mai duhu ya taru ya rufe rariyar to bai gama ba. Wanda ya gama yana zuƙe ruwanshi ya fitar, sai ɗan kaɗan a cikin ramin rariya. Maman Haidar ranar an ɗauke muku wuta ko?

Maman Haidar: An ɗauke, wajen ƙarfe 11 na dare. Amma ban tuna ko na kunna kafin nan ba wallahi, ranar Hajiya na fama da ciwon kai ina ta sa mata maganin ido.

Amaryar Jega: Hmm ku kuna maganar injin wanke kwano, ni wata 3 ke nan ina roƙon a gyara min famfon tsakar gida, kullum sai na jira mai ruwa da kura, ranar da bai zo ba kwanoni su kwana ƙuda na bi. Na yi magana har na gaji, in na sake yi a ce na cika mita, amma uwargida da ta ce tankinta na yoyo ranar anka kira mai gyara. Ni ban ce a saya min inji ba, famfo kawai. Allah dai ya ba mu haƙuri.

Ummu Nana: Amin ya Allah, ki ƙara haƙuri Amarya, ki samu lokacin da hankalinshi ke kwance ki sake tuna mishi.

Maman Sultan: Maganar wuta kuma laifin mai kunnawa ne. Injin nan da kanshi yake dafa ruwanshi, zafin kan kai digiri 60 zuwa 70 in kin zaɓi wanki mai ƙarfi, kuma lokacin dafawar yana jan wuta wajen wat 2000, shi ya sa ƙaramin janareta ko ƙaramar inbata ba su ɗaukarshi. Wankin tattalin wuta kuma yakan ci awa 3 ko fi. Wa zai kunna abin awa 3 da dare ya je ya kwanta a garin nan? Ki riƙa kunnawa da rana idonki biyu, ki zaɓi gajeren wanki. Sannan bari in tambaye ki, kina ɗauraye kwanonin kafin ki jera su ko?

Maman Haidar: Eh ina sa yarinyar ta ɗauraye su tas.

Maman Sultan: To ga matsalarki nan! Shi ya sa ido ba ya bambancewa. Kin ɗauraye kofi ya yi fes a ido amma maiƙo da ƙarni na nan. Ba a ɗaurayewa, kankare ragowar abinci kawai ake yi a zuba a shara a jera. Mai datti ya zauna da dattinshi kowa ya gani. Kuma ɓarnar ruwa kike yi, injin gaba ɗaya lita 10 zuwa 12 yake sha a wanki ɗaya, ko rabin jarka mai lita 25 bai cika kaiwa ba, ke kuma kin zubar da fiye da haka wurin ɗauraya.

Maman Haidar: Anti na gwada hakan da farko. Mu kullum tuwon shinkafa ne da miyar kuka, in ya bushe a faranti kamar siminti yake zama, injin ya gama ya fito da shi yana nan manne. Kuma mu ba mu da yawa, sai kwana 2 injin ke cika, da zafin garin nan in na bar su da miya zuwa gobe warin ba a magana, har kyankyaso na taɓa gani a ciki. Dole ce ta sa nake ɗaurayewa ba son ɓarna ba.

Maman Sultan: In tuwo na fitowa manne to rariyarki ta toshe ko ramukan fankar da ke fesa ruwa. Yaushe rabon ki murɗe rariyar ƙasa ki wanke? Fankar ma cirewa ake yi a tsokace ramukan da tsinken sakace.

Maman Haidar: Ban taɓa cire fankar ba, mai haɗawa ya ce kar in taɓa komai a ciki. Rariyar dai an wanke kafin azumi.

Maman Twins BK: Ni dai gaskiya matsalar ba inji ba ce, yaran aikin nan ne. Tawa da na kawo daga ƙauye sabulun ruwa na wanke-wanke ta tsiyaya a ciki ina makaranta, na dawo na tarar da kumfa har bakin falo, na yi ta kwasa har la'asar. Ka faɗa musu abu sau goma su ce to, ka juya baya su yi nasu. Ga tukwanena na alminiyam duk ta sa sun yi baƙi-baƙi, muciya da ludayin duma kuwa sun tsage, na ce mata katako da ƙwarya ba su shiga amma ina. Ƙarshe na sallame ta.

Maman Haidar: A'a ni tawa ba ruwanta, shekararta 3 wurina kuma ni na ce ta ɗauko a inji. Tun shekaranjiya take kuka tana ganin ita ta jawo, ba zan ɗora mata ba.

Diyar Zamfara: Allah ya saka miki da alheri kan wagga magana. To ki nemi mayen ƙarfe irin na jikin firij ki manna takarda, gefe ɗaya ki rubuta AN WANKE ɗaya gefen BA A WANKE BA, wanda ya kunna ya juya. In yarinyar ba ta karatun boko ki sa launi, kore da ja. Ƙanwata zare take ɗaurawa a hannun ƙofa in ta kunna.

Maman Sultan: Takarda sai an tuna an juya. Wadda ta manta ko ta kunna inji ita ce za ta tuna takarda? Kuma wuta in ta tafi takardar na nan tana cewa an wanke. Murfin sabulu dai, na faɗa na ƙara.

Diyar Zamfara: Anti murfin ma ai haka yake yi in wuta ta tahi, shi na faɗa tun ɗazu.

Ummu Abdallah: Wani abu kuma da ba a faɗa ba, in ruwan bohol kuke amfani da shi wani yana barin farin tabo a kofin gilashi kamar an barbaɗa alli, mutum ya ɗauka datti ne alhali an wanke. Akwai gishirin inji na musamman da ake zubawa a wani rami a ƙasa, ba gishirin miya ba. Robobi kuma in manja ya kama su ko an wanke ja suke zama. Ni abin da ya fi damuna ma tsarki, ruwa ɗaya yake ta juyawa a ciki kafin ya zubar ya ɗebi sabo ya ɗauraye, in bai kai ɗaurayar ba ni raina ba ya kwanciya. Kuma Maman Haidar ki bi Hajiya a hankali, ki wanke mata nata da hannu kamar yadda ta ce, tsofaffi ba a ja da su, kwano 2 ne da kofi.

Maman Haidar: Ai ban ƙi ba Ummu Abdallah, tun jiya da hannu ake wanke mata, ni da kaina ma na wanke na safe duk da yatsun. Abin da ke ci min rai yanzu maigida ya fara cewa ko a saida injin a huta tunda fitina yake kawowa, kuma in an saida an koma gidan jiya, yarinyar tana zuwa islamiyya da yamma, wanke-wanken dare a kaina zai dawo.

Amaryar Jega: Ki sa safar hannu ta roba mana, ni da ita nake yi.

Maman Haidar: Na gwada, gumi ke taruwa a ciki ƙaiƙayin ya fi na omo.

Maman Sultan: Kar ki yarda a saida. Ki yi abin da na ce sati ɗaya kawai, ki daina ɗauraya, ki wanke rariya da fanka, ki riƙa rufe murfi, ki kunna da rana. In an sake samun matsala ki zo nan ki kira sunana.

Maman Haidar: Da rana ai ina wurin aiki Anti, sai ƙarfe 4 nake dawowa, kuma lokacin ba kullum ake samun wuta ba. Ɗaurayar kuma gaskiya ba na jin zan iya bari saboda warin. Zan dai gwada zaren da Diyar Zamfara ta ce in gani. Yanzu haka ma akwai kaya a ciki tun daren jiya, na buɗe murfin sabulu a buɗe yake, ƙasan kuma akwai ɗan ruwa amma bai rufe rariyar ba, ba shi da duhu sosai. Wannan ya gama ke nan ko in sake kunnawa?

Ummu Nana: Ki shafa yatsa a cikin roba ɗaya, in da santsin maiƙo ki sake.

Maman Sultan: Ya gama, kwashe abinki.

Diyar Zamfara: Ni dai da ni ce sake kunnawa zan yi, Hajiya na gidan.