Fuzz uku a waƙa ɗaya sun ƙi haɗuwa, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar naɗar sauti. Kwana biyar ke nan ina fama da wata waƙa, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Na naɗi jita da fuzz (na'urar da ke sa sautin jita ya yi kaushi) iri uku: Fuzz Face mai transisto na jamaniyam a baitoci, Big Muff a amshi, sai Octavia a wurin solo. Kowanne shi kaɗai, daɗi kamar me. Amma ina haɗa su da ganga da bas, sai Big Muff ya nutse, tunda dama tsakiyar sautinsa a kwashe take, wajajen 1kHz. Na ƙara masa ƙarfi, ya danne muryar mawaƙi. Na rage ƙasan sautinsa, ya koma siriri kamar kukan sauro.

Abin da ya fi damuna shi ne inda baiti ke shiga amshi. Sai ka rantse an canja ɗaki, alhali amfilifaya ɗaya ce, makirfo ma ban ko taɓa shi ba.

Shin in sake naɗar amshin da ƙarancin fuzz, ko EQ (wato daidaita sama, tsakiya da ƙasan sauti) zai iya gyarawa? Ba na son taɓa Fuzz Face ɗin nan, shi ne ran waƙar. Don Allah a taimaka.