Yaushe ya dace a kira lambar gaggawa saboda tuƙin ganganci?

Maman Iman

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san abin nan ya raba mana gardama da ƙanina.

Muna kan babbar hanya da daddare, shi yake tuƙi, ni ina gefensa, yarana suna baya. Tirela ce a gabanmu da lodi har sama. Sai ta riƙa zamewa a hankali tana tsallake layin tsakiya, ta shiga hannun masu tahowa, can direban ya fizgo ta har tayoyin baya su sauka daga kwalta. Ya ɗan miƙe daidai, ya sake. Wata ƙaramar mota da ke tahowa sai da ta bar masa titin gaba ɗaya. Na ɗauko waya zan kira lambar gaggawa, ƙanina ya ce in ajiye. Wai ba a yi haɗari ba, babu wanda ya ji ciwo, layin na masu gobara ne da waɗanda 'yan fashi suka tare, kada in toshe wa mai buƙata. Ya ƙara da cewa zan iya jawo wa bawan Allah ya rasa hanyar cin abincinsa. Muna cikin haka muka rabu da tirelar a wata mararraba.

Abin ya tsaya mini a rai. Sai an ga jini ne ake kira? In kuwa ba haka ba, ina iyakar take? Don kullum ana ganin mai gudu, da mai karya dokar danja, da mai latsa waya yana tuƙi, ba zai yiwu a kira a kan kowa ba.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam. 'Yata, abin da kika kwatanta na san shi, don babbar mota na tuƙa har ƙarfina ya ƙare. Wannan gyangyaɗi ne. Mai ganganci da gangan gudu yake yi, yana matse mutane, yana danna hon. Amma motar da ke zamewa a hankali sannan a fizgo ta da ƙarfi, direbanta idonsa ne ke rufewa, ƙarar tayar da ta taɓa gefen hanya ce ke tashinsa. Maye ma kan yi kama da haka, haka nan ciwo: sugan mutum ya faɗi, ko shanyewar ɓarin jiki ta fara kama shi, ko farfaɗiya. Daga bayan motar ba za ki iya bambancewa ba, kuma ba aikinki ba ne ki bambance.

Ki yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Ido ya rufe na daƙiƙa uku, an wuce mita 80 babu mai riƙe da sitiyari. Babbar mota mai lodi kuwa ko an taka birki ba nan take take tsayawa ba.

Maganar cin abincinsa, ki gaya wa ƙaninki ni direba ne nake cewa: gara a tsayar da ni a ci ni tara da in farka in tarar na hau kan motar mutane. Wanda ya kira a kaina a wannan hali taimakona ya yi.

Abu ɗaya zan roƙe ku: in kun sake ganin irin wannan, kada ku yi yunƙurin wuce shi. Da yawa suna cewa bari in sha gabansa in huta, alhali daidai lokacin da kake gefensa ne zai iya zamowa kanka. Ku ja baya sosai, ko ku faka a wuri mai haske ku bar shi ya yi nisa.

Abu Sadik

Hajiya, na yi aiki a motar ɗaukar marasa lafiya, mu ne ake turawa bayan abin ya riga ya faru, shi ya sa ba na jin daɗin maganar "ai ba a yi haɗari ba tukuna". An yi layin ne don ran da ke cikin haɗari, ko haɗarin ya auku ko yana gab da aukuwa.

Ma'aunin da nake amfani da shi tambaya ce ɗaya: abin yana faruwa yanzu, kuma idan ba a tsayar da shi ba wani zai iya mutuwa kafin in kai ofishin 'yan sanda da ƙafata? In amsar e ce, a kira. Tirelar da kika gani ta shiga nan kai tsaye. Haka wanda ya biyo hannun da ba nasa ba a hanya mai raba biyu, da wanda kika ga ya fito yana tangaɗi ya shiga mota ya tayar, da masu tsere a cikin jama'a, da wanda ke bin wata mota yana neman ture ta, da motar da lodinta ke zubowa kan titi, da wanda ya buge mutum ya gudu. In kuwa abin ya riga ya wuce, mutum ya sha gabanki da rashin mutunci ko ya tsallake danja ya ɓace, laifi ne, amma ba na layin gaggawa ba ne. Zafin ran da mutum ya ji ba shi ne ma'auni ba.

Wasu ƙasashen sun raba lambobin ma. A Birtaniya 999 ce ta gaggawa, tun 1937 ake amfani da ita a Landan, 101 kuma ta kai rahoton da ba na gaggawa ba. A Amurka da Kanada 911 ce. A duk ƙasashen Tarayyar Turai 112 na aiki, ita ce kuma lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya, inda hukumar kiyaye haɗurra ke da 122. A Nijar da Faransa 17 ce ta 'yan sanda. Kowa ya san ta inda yake tun kafin ranar buƙata. Kiran gaggawa kyauta ne, kuma ana iya buga shi ko wayar tana kulle.

Idan an ɗauka, a fara da wuri. Mutane sukan fara da labari, "wallahi wani mahaukacin direba ne", minti ya wuce ba a san inda suke ba. Faɗi sunan hanyar, inda motar ta dosa, da alama ta ƙarshe da kuka wuce, gada ce ko gidan mai ko allon kilomita. Sannan irin motar da launinta, da rubutun jikinta in akwai. Lambar mota in ta karantu daga inda kike. Kada a matsa kusa don a karanto ta. Daga nan ki faɗi abin da idonki ya gani: ya tsallake layi ya shiga hannun masu tahowa, wata mota ta sauka daga titi. Kada ki ce a buge yake tunda ba ki sani ba.

Tsoron toshe layi kuma, masu amsa kiran an horar da su su tantance. In sun ga ba na gaggawa ba ne za su gaya miki inda za ki kai. Waɗanda ke cutar da layin su ne masu kira don wasa.

Ɗan Gwaggo

Duk na yarda, amma mu faɗi gaskiya: mota tana tafiya, kafin a turo 'yan sintiri ta yi nisan da ba za a same ta ba. Wani lokacin ma a kira ba a ɗauka ba. Ni ina ganin wahalar banza ce. Kuma wa zai hana mai jin haushin wani ya kira ya ƙulla masa sharri?

Anti Bilki

Ɗan Gwaggo, ba bayanta ake bi ba, gabanta ake tara. Shi ya sa Abu Sadik ya ce a faɗi inda ta dosa, don a sanar da waɗanda ke gaba. Wani lokaci ba a dace ba, gaskiya ne. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Kiran minti biyu bai yi mini yawa ba ko da sau ɗaya ne cikin goma zai yi amfani. Sharri kuma, kira kaɗai ba ya hukunta kowa. Jami'i zai tsayar da motar ya gani da idonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba na gaggawa ba amma kullum ake yi, kamar matashin da ya mayar da layin da yara ke wasa filin gwada totur. Wannan a rubuta rana da lokaci da lambar motar, a haɗu da maƙwabta a kai ofishin 'yan sanda. In akwai bidiyo ya fi ƙarfi. A Birtaniya har shafin intanet 'yan sanda suke da shi, Operation Snap, inda ake tura hoton kyamarar gaban mota, kuma ana so a tura da wuri don doka ta ce a aika wa mai motar sanarwa cikin kwana 14. Sai dai a kai wa hukuma kafin a watsa a Facebook.

Maman Iman

Na gode Baba, na gode Malam Abu Sadik da Anti. Saura ɗaya: ranar nan ina gefe ne. In ni kaɗai ce nake tuƙi fa?

Abu Sadik

Ki nemi wuri mai aminci ki faka, ki kunna fitilun gargaɗi, sannan ki kira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, don haka kada masu tuƙin ganganci su zama biyu a kan hanya. Dokar Birtaniya ta yi sassauci ga mai kiran 999 ko 112 idan tsayawa ba za ta yiwu ba ko tana da haɗari, amma ba kowace ƙasa ke da irin wannan sassaucin a rubuce ba. In dole ce ta sa, kamar wani ne yake bin ki, ki sa a lasifika, hannu biyu a sitiyari, ki nufi wurin da akwai jama'a da haske, kada ki nufi gida. In da babban yaro a motar, miƙa masa wayar ki riƙa gaya masa abin da zai faɗa.