Ƙaramar hukuma: matakin gwamnati ce ko 'yar aiken gwamna?

Ɗan Illela: Salamu alaikum masu shirin jarrabawar aikin gwamnati. Na ci karo da wata tambaya a tsoffin takardu: matakan gwamnati nawa ne a Najeriya? Amsar da aka bayar uku ce, wai tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Ni kam ban yarda ba, biyu ne. Ku buɗe sashe na 2 na kundin tsarin mulkin 1999, ya ce Najeriya tarayya ce da ta ƙunshi jihohi da Babban Birnin Tarayya. Ina ƙaramar hukuma a ciki? Ofis ce kawai ta gwamna.

'Yar Bodinga: Wa alaikumus salam. Yaya, in ka rubuta biyu ranar jarrabawa, makinka ya tafi. Kuma ka tsallake sashe na 7, wanda ya tabbatar da ƙananan hukumomi masu zaɓaɓɓun shugabanni. Sunayensu ma suna cikin jadawali na farko na kundin, har da 23 namu na Sakkwato. Duk ƙasar 774 ne in an haɗa da shida na Abuja. Wane ofishin gwamna ne aka taɓa rubuta sunansa a kundi?

Ɗan Illela: Ƙanwata, ƙarasa karanta sashen na 7 mana. Wa aka ɗora wa yin dokar kafa su da tsarinsu da kuɗinsu? Gwamnatin jiha. Wa ke shirya zaɓensu? Hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta, ba INEC ba. Shi ya sa a jihohi da yawa jam'iyya mai mulki ke kwashe kujerun ciyaman da kansila kaf.

Malam Mai Darasi: Ku dakata, abu biyu kuke cakuɗawa, kuma masu fitar da tambaya sun san nan ɗalibai ke faɗuwa. Akwai matakan gwamnati, akwai kuma waɗanda suka haɗu suka zama tarayya. Matakai uku ne. Amma masu haɗa tarayyar, su ne jihohi 36, kuma nan hujjar Ɗan Illela ta sashe na 2 take da ƙarfi. Duba rabon ikon yin doka a jadawali na biyu: akwai abin da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar tsaro da kuɗin ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje, akwai wanda suke tarayya da majalisun jihohi, sauran kuma na jihohi ne. Ba a ware wa ƙaramar hukuma kaso a nan ba. Nata ayyukan suna jadawali na huɗu: kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, sai hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Kada kuma a haɗa wannan da rassan gwamnati, wato majalisa da ɓangaren zartarwa da na shari'a. Su ma uku ne, shi ya sa ake rikicewa.

Baba Akawu: Malam ya gama magana, amma ku yara ba ku ga En'e ba, wato hukumar gargajiya ta ƙarƙashin sarakuna. Zamanin da, En'e ta Sakkwato na da 'yan doka nata, da kotunan alƙalai, da gidan yari, da baitulmali, ita ka karɓar haraji da jangali. A ƙarshen shekarun 1960 soja sunka karɓe 'yan doka da kotuna da gidan yari. Sai 1976, lokacin mulkin soja na Obasanjo, anka yi gyaran da ya maida tsarin iri ɗaya duk ƙasa, anka kira ta mataki na uku, anka maida sarakuna masu ba da shawara. Ko marigayi Ibrahim Dasuki, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1988, shi ya shugabanci kwamitin da ya sake duba wanga tsari a 1984. To ni abin da na gani, suna ya ƙaru, ƙarfi ya ragu.

Ɗan Illela: Allah ya ƙara girma Baba, ka ga ka dawo layina.

Baba Akawu: Ban dawo ba, ɗana. Raunin abu daban, rashinsa daban.

'Yar Bodinga: Kuma maganar kuɗi fa? A rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya na da kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Kasonsu ne da sunansu. Matsalar ita ce asusun haɗin gwiwa na sashe na 162, inda kuɗin ke bi ta hannun jiha. To ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar, ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi.

Ɗan Illela: Hukuncin ma hujjata ce. Abin da sai an je Kotun Ƙoli kafin a ce a ba shi kuɗinsa, gashin kansa yake ci?

Malam Mai Darasi: Jihohi ma sun sha kai gwamnatin tarayya ƙara a kan kuɗi, bai hana su zama matakin gwamnati ba. Ga misalin da ya kamata ku riƙe. Legas na da ƙananan hukumomi 20 a kundi. Lokacin gwamna Tinubu ta ƙirƙiro sababbi 37, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar. A 2004 Kotun Ƙoli ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙewa, amma sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su cikin jadawali. Kun gani? Da ofishin gwamna ne zalla, da ya buɗe ko nawa ya so babu mai tambaya. Amurka ce take kusa da abin da Ɗan Illela ke faɗi, don kundinta bai ambaci ƙananan hukumomi ba sam, jihohi ke yin su. Burazil kuwa a kundinta na 1988 ta sa su cikin masu haɗa tarayya. Mu muna tsakani.

Ɗan Illela: To Malam, in tambayar zaɓi ce zan cika uku, na ji. Amma in ta bayani ce aka ce tattauna 'yancin ƙananan hukumomi, zan rubuta cewa muddin jiha ke shirya zaɓensu, kuɗi kai tsaye ba zai canza wanda ciyaman ke jin tsoro ba.

Malam Mai Darasi: Rubuta, za ka ci maki, in dai ka kawo sashe na 7 da na 162 da hukuncin 2024, kuma ka ba ɗayan ɓangaren haƙƙinsa.

'Yar Bodinga: Ni a tawa amsar INEC zan ce a ba zaɓen.

Baba Akawu: 'Yata, in kin ba Abuja zaɓen kansilan Bodinga, kin ƙara ma tarayya ƙarfi ne ko kin rage ma jiha? Ki shirya ma wagga tambaya, don mai duba takarda na iya jefo ta.